Hannun da Ya Zubar da Ruwan Lagireto

Ranar Laraba ce, tsakiyar damina. Hadari ya haɗu tun hantsi, ya ƙi zubarwa. Iska ta tsaya cik.

Sadisu bakanike yana garejinsa a bayan tasha, a Birnin Gwari, kansa cikin injin wata tsohuwar mota ruwan toka. Ta Malam Abdulsalam ce, malamin makaranta. Da safe ya kawo ta, ya ce zafi take yi. In tana gudu, lafiya lau. Da an rage gudu sai allurar ma'aunin zafi ta haye ja.

Sadisu ya bar injin yana aiki, ya tsaya yana jiran fanka ta tashi. Ba ta tashi ba. Ya duba fis, bai ƙone ba. Ya jawo waya daga batir ya taɓa mata, ta ɗauka da ƙarfi. To, fanka tana da rai. Ɗan makunnin da ke tashinta in ruwa ya yi zafi, shi ne ya mutu. Ya kuma lura da an ɗaga ƙafa daga totur sai injin ya hau karkarwa kamar mai masassara. Ya kwance bawul ɗin da ke mayar da hayaƙin salansa cikin inji, ya tura yatsa. Yatsan ya fito baƙi ƙirin, da kunkunniya mai danƙo. Ta cushe bawul ɗin, ba ya rufuwa. Ciwo biyu ke nan.

Bai gyara ko ɗaya ba, don a daidai nan surukarsa ta kira shi daga ƙauyensu, can bayan dajin Kamuku. 'Yarsa Nafisat, mai shekara huɗu, tana wurinta tun makon jiya. Ta ce jikin yarinyar kamar garwashi, tun daren jiya ba ta gane kowa.

'Ya'ya uku aka haifa wa Sadisu. Biyu ya kai su makwanci da hannunsa. Nafisat ce ta tsaya.

Ya mayar da bawul ɗin yadda yake, ya rufe bonat, ya ɗauki motar bai tambayi mai ita ba. Lissafinsa shi ne, in bai rage gudu ba iska za ta yi aikin fanka.

Zuwa ya yi daidai. Dawowa ce ta ƙi. Don ya yanke, sai ya bi hanyar da ta ratsa gefen dajin Kamuku, hanyar da ko masu babur ba sa so bayan la'asar. Ruwan shekaranjiya ya mayar da ita kunu. Giya ɗaya, giya biyu, giya ɗaya. Nafisat tana kwance a kujerar baya cikin zanen kakarta, tana numfashi sama-sama. Allura ta bar tsakiya. Ta taɓa ja. Ta wuce ja ta kwanta.

Tururi ya fara fitowa ta gefen bonat. Ya san in ya ƙara taku ɗari, kan inji zai lanƙwashe, su kwana a nan. Ya kashe motar a gindin wata kanya, kusa da wani dogon suri da ya fi mutum tsayi.

Rana ta riga ta taɓa kan itatuwa.

"Sannu, mai mota. Dokin ya gaji?"

Wani tsohon Bafulatani ne, siriri, da malafa, da sanda a hannu, da gorar nono a kafaɗa. Ya ce sunansa Bappa, rugarsa na bayan itatuwan can. Sadisu bai tsaya gaisuwa ba. Ƙarfen da ke tokare bonat ya daɗe da karyewa.

"Baba, ara mini sandarka."

Ya tokare bonat da ita. Bappa ya leƙa ta taga, ya ga yarinyar, ya girgiza kai.

"Allah ya sawwaƙe. Ni ma ina da irinta a ruga. Muslimat, jikata. Ita kaɗai ta rage mini."

Sadisu ya naɗe hannu da tsumma, ya murɗa murfin lagireto kaɗan, ya yi baya. Ruwa ya yi tsalle, ja, mai tsatsa, ya wanke sandar daga sama har ƙasa. Yana jin sauran yana tafasa a ciki, ɓul, ɓul, kamar tukunyar wake. Kafin wannan ya huce da kansa, duhu ya rufe. Ya ɗauko filaya ya durƙusa wajen tiyon ƙasa. Zai zubar da shi duka, ya ɗura mai sanyi.

"Kada ka zuba," in ji Bappa.

"Me?"

"Magariba ta yi. Nan gidan mutane ne." Ya nuna surin da haɓa, bai nuna da yatsa ba. "Yanzu suke fitowa da 'ya'yansu. Ka tara shi a wani abu. In ma dole ne, ka yi gyaran murya, ka yi bisimilla, ka ba su lokaci su janye."

"Baba, 'yata na mutuwa kana ba ni labarin gara?"

"Kai Kaɗo, ko uwarka ba ta taɓa hana ka zubar da ruwan zafi da almuru ba?"

"Shekara ashirin ina zubar da ruwan lagireto a bayan tasha. Ba wanda ya taɓa kai ni ƙara."

"Bayan tasha daban."

Sadisu ya matse filaya ya fizge tiyon. Bai yi gyaran murya ba. Bai yi bisimilla ba.

Ruwan ya fito da ƙarfi, yana huci. Ya bi sawun taya, ya gangara, ya sami wani rami a gindin surin ya shige gaba ɗaya. Tururi ya fito ta ƙofofin surin na sama, ɗaya bayan ɗaya.

Sai wani abu ya yi kuka a ƙarƙashin ƙasa. Siriri, kamar ɗan akuya da aka taka. Sau ɗaya.

Kwaɗin fadama duk suka yi shiru.

Bappa ya daɗe bai motsa ba. Leɓensa kawai ke motsi. Daga baya ya miƙa hannu.

"Ba ni jarkarka. Rafi na nan kusa. In ɗebo maka ka bar wurin nan."

Ya tafi da sauri, ba sanda, yana ɗingishi. Sadisu ya mayar da tiyo ya ɗaure. Ya shiga mota ya taɓa goshin Nafisat. Zafin ya ƙaru. Ya zauna a kujerar direba, ya ɗaga gilashi ya bar ɗan tsagi.

Wari ya fara zuwa. Tsatsa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da wani abu kuma, wanda ya sani daga ranar Layya, in an zuba wa kai da ƙafa tafasasshen ruwa.

Wata mata ce tsaye a jikin tagar. Bai ga zuwanta ba.

Gajeriya ce, da baƙin zane ɗaure a ƙirji. Tana rungume da wani abu naɗe cikin ganye. Abin yana motsi. Fuskarta a jiƙe take, fatar ta tattare. Idanunta fari fat, kamar idon kifin da aka dafa.

"Wa ya zuba?"

A hankali ta faɗa. 

"Abinci muke ci," ta ce. "Yana kan cinyata."

Abin da ke cikin ganyen ya yi ƙara. Ta jijjiga shi yadda kowace uwa ke yi.

"Ba na gani. Tururi ya cinye mini ido. Amma hancina na nan."

Ta kawo hancin bakin tsagin gilashi. Ta shaƙa. Gilashin ya yi gumi. Sadisu ya dubi hannuwansa, baƙi har wuyan hannu, tsatsa a ƙarƙashin farce. Ya ɗaga cinya a hankali ya zauna a kansu.

Kanta ya juya wajen kujerar baya.

"Akwai ƙarama a nan."

"Ba ta da lafiya."

"Na ji. Tana da zafi ita ma." Ta sake shaƙa. "Ba rai nake nema ba, mai mota. Zafin nan zan sauke daga jikin ɗana. Wanda ya zuba, a kan nasa ɗan zan sauke. Haka muke yi."

Nafisat ta yi nishi, ta ce, "Abba."

"Ba ni ba ne," in ji Sadisu.

"Wa?"

"Mai sandar can. Ni tuƙi kawai nake yi. Na ce masa kada ya zuba."

Ta zagaya gaban motar. Ƙafarta ba ta barin sawu a laka. Ta lalubi sandar, ta bi ta da hanci tun daga ƙasa, inda ruwan ya wanke ta, har sama, inda tafin Bappa ya goge ta shekara da shekaru ta yi santsi.

"Ruwan ne," ta ce. "Ga kuma hannu. Yana da ɗa?"

Da Sadisu ya ce bai sani ba, da maganar ta wuce. Ba wanda ya matsa masa.

"Jika," ya ce. "Muslimat. Rugar na bayan itatuwan can."

Ta zare sandar. Bonat ɗin ya tsaya a sama, ba abin da ke riƙe da shi. Numfashi ɗaya. Biyu. Uku. Sannan ya faɗo, garam.

Ba kowa a gaban motar.

Bappa ya dawo, wandonsa jiƙe har gwiwa, jarka a ka. Ya sauke yana haki.

"Ina sandata?"

"Ta faɗa cikin ciyawa."

"Bar ta, na nema da safe. Yi aikinka."

Tsohon ya ɗaga bonat ya tokare da kansa da hannu biyu. Sadisu ya ɗura ruwan a hankali. A wannan karon ya yi bisimilla, har sau uku. Ya fere waya da haƙori, ya ɗaura fanka kai tsaye da batir. Ta tashi tana wuwu. Kafin nan, wayar ta kuɓuce masa sau biyu.

"Kwantar da hankalinka," in ji Bappa daga ƙarƙashin bonat. "Za ta tashi. Tawa Muslimat ta yi irin wannan bara, yanzu ita ke kora maruƙa." Ya sauke bonat, ya ciro gorarsa ya miƙa. "Nono ne. In ta farfaɗo ka ba ta."

Sadisu ya karɓa.

A lokacin ne ihun ya zo daga bayan itatuwa. Muryar yarinya. Ba irin ihun da ake yi don an ga maciji ba. Ya hau, ya hau, ya tsinke, ya sake farawa. Shanu suka ɗauka gaba ɗaya.

Bappa ya juya. Malafarsa ta faɗi, bai ɗauka ba. Ya ruga cikin ciyawa yana kiran sunanta.

Sadisu ya murɗa makulli.

Motar ta tashi tana karkarwa. Ya danna totur, laka ta yi feshi. Fanka na aiki, allura ta tsaya a tsakiya. Matsalar yanzu bawul ne. Muddin ƙafarsa na kan totur, injin na raye. In ya ɗaga, hayaƙi zai shaƙe shi ya mutu.

Bai ɗaga ba. Ya faɗa ramuka yadda suke. Kan Nafisat na bugun ƙofa.

Sai ga kwazazzabo. Ruwa ya cinye rabin hanya, saura faɗin mota ɗaya. Dole ya taka birki.

Injin ya yi tari biyu ya mutu.

Fanka ce kawai ke juyawa cikin shirun. Wuwu. Wuwu. A cikin ƙarar akwai wani siririn kuka.

Ya murɗa. Ta ƙi.

Ƙwas.

Sanda ce a kan dutse, can baya.

Ƙwas.

Ya dubi madubi. Duhu bai gama rufewa ba. Tana tsakiyar hanya, tana tafe ba gaggawa, tana laluben ƙasa da sandar Bappa. Ganyen na hannunta har yanzu. Abin da ke ciki bai daina kuka ba.

Ya murɗa. Ta ƙi.

Warin ya shigo motar.

"Mai mota." Muryar kamar a bayan kunnensa. "Na sauke. Bai sauka ba."

Ya danna totur har ƙasa, ya riƙe, ya murɗa makulli bai saki ba. Injin ya juya, ya juya.

Wani abu ya dafa bayan motar. Ya ji fenti na ƙuna.

Ta kama.

Baƙin hayaƙi ya fita ta salansa kamar an harba bindiga. Motar ta yi tsalle ta haye, taya ɗaya a iska. Bai sake duba madubi ba sai da ya ga gonakin masara, ya ji ana kiran isha daga masallacin farko na bakin gari.

A kemis, shagon magani, aka yi wa Nafisat allura. Kafin asuba zufa ta karyo mata. Da gari ya waye ta ce wa uwarta Asama'u tana jin yunwa. Sadisu ya ba ta nonon gorar, ta shanye.

Ya tafi gareji da sassafe. A bayan motar, a kan but, akwai shatin yatsu biyar, fentin ya kumbura ya fashe. Ya kwaɓa laka ya shafe wurin. Ya buɗe bonat ya sake kwance bawul ɗin, ya ajiye a kan benci.

Babur ya tsaya a ƙofar garejin. Bappa ne a baya, ba malafa. Yana rungume da yarinya naɗe cikin jiƙaƙƙen zane. Hannunta ɗaya ya fito. Sadisu ya ga hannun, ya kau da kai.

"Asibiti za mu," in ji Bappa. Bai sauko ba. "Ka ce bayan tasha, shi ya sa na biyo. Saƙo ne."

Sadisu ya matso bakin ƙofa.

"Muslimat ta yi magana da asuba. Ta ce wata mata ta shigo da sandata, ta ɗora mata hannu. Da ta gama sai ta tsaya tana sauraron ɗanta. Ta shinshina shimfiɗata. Ta ce wannan warin shanu ne. Hannun da ya zuba, warin baƙin mai yake yi, da hayaƙi." Ya dubi hannuwan Sadisu. Ya daɗe yana dubansu. "Cikin dare matar ta dawo, ta ce ta taɓa motar, ba za ta ɓace mata ba. Yau da magariba za ta shigo gari. Inda ta sami motar da hannun, nan za ta sauke."

"Baba..."

"Ban ba ta sunanka ba. Ban san sunanka ba. Kai ka san na jikata."

Ya taɓa kafaɗar mai babur, suka tafi.

Sadisu ya tsaya har ƙarar babur ta ɓace. Sannan ya shiga bayan gareji. Ya wanke hannu da yashi. Ya wanke da toka da lemun tsami. Ya sa tsinke ya bi ƙarƙashin farce ɗaya bayan ɗaya, har jini ya fito. Ya yage tsumma mai tsabta ya naɗe hannun dama.

Ƙarfe tara Malam Abdulsalam ya iso, da farar riga da alli a aljihu.

"Oga Sadisu, an gano ciwon tsohuwar tawa?"

"An gano. Zo ka gani da idonka, Malam. Ni na yanke hannu, ba na iya riƙe ƙarfe." Ya nuna benci da haɓa. "Ɗauki wancan. Tura yatsa ciki."

Malam ya ɗauka, ya tura, ya zaro yatsa yana dariya.

"Kai! Wannan ai ya fi bayan tukunyar gidanmu."

"Shi ke shaƙe ta. Sabo sai gobe zai zo daga Kaduna, da makunnin fanka. Mayar mini da shi, ƙusa biyu ne. Ga sifana."

Malam ya naɗe hannun riga ya sunkuya. Sadisu na tsaye a baya yana faɗa masa. Ya sa shi ya ɗaure ƙusoshin. Ya sa shi ya buɗe murfin lagireto ya taɓa ruwan ya ji tsatsa. Ya sa shi ya matsa tiyon ƙasa da hannu biyu, wai a ga ko yana yoyo. Da ya ɗago, hannuwansa baƙi har wuyan hannu.

"Yau na zama bakanike," in ji Malam. "Akwai ruwa in wanke?"

"Jarka ta ƙare. Baƙin mai ba ya fita rana ɗaya, sai a hankali." Sadisu ya miƙa masa makulli da hagu, a cikin tsumma. "Tafi da ita gida. Nan ana sace batir. Ka shigar da ita cikin gida tun kafin magariba, ka ajiye kusa da ɗaki."

"To, madalla. Allah ya saka."

"Yaya amaryata, 'yar ƙaramarka? Ta fara tafiya?"

Fuskar Malam ta washe.

"Taku uku ta yi jiya. Da ta ji ƙarar motar nan take rarrafowa ƙofa."

Ya miƙo hannu su yi sallama, ya ga baƙin, ya janye yana dariya. Sadisu ya dafa ƙirji.

Motar ta fita tana karkarwa, fanka na wuwu. Ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Sannan ya rufe gareji, ya sayi ƙosai mai zafi wajen mai tuya a bakin tasha, ya kai wa Nafisat. Kafin ya ɗauke ta, ya sake wanke hannu.